Kifin Mafarkin Kaka

Mi-suk ta sake gwada rigar iyo, rigar ta ƙi wuce cikinta. Ta cusa ta ƙasan akwati, ta danne da burma-burman riguna. Tana neman hamsin, ga ciki. Tunda mahaifiyarta ta yi mafarkin kifi ya faɗo mata a cinya, alamar haihuwa, dangi ke taya 'yarta Hye-rin, amarya, murna. Da wane ido za ta dubi surukinta a bakin tekun Jeju?

Hye-rin ta shigo, ta ajiye rigar iyo ta masu ciki.

"Ɗauke kayanki," in ji Mi-suk, kanta a sunkuye.

"Tawa tana jaka, Umma. Wannan taki ce, biyu Kaka ta sayo. Ta ce kifi biyu ta gani, ki daina matse mata ɗayan."