Takardar Yabo da Sunan Tabawa

Wajibi ne ga masu shirya gasa su rubuta sunan wanda ya ci. Mahaifina bai samu wannan adalcin ba.

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, maza ne ke fitowa a matsayin mata a wasan kwaikwayo. A gasar Birnin Kudu, mahaifina, tela daga Zandam, ya ɗaura zane ya fito a tsohuwa Tabawa, kuma ya zo na ɗaya. Bayan la'asar alƙalin gasa ya miƙa masa takardar yabo yana dariya: "Malam, sunan Tabawa muka sa. Ɗan liman da zane? Ai asiri muka rufa maka."

A hanya na ce, "Baba, ai kai ka ci."

Ya ninke takardar, ya cusa a hula. "Tabawa ce ta ci."

Bai sake hawa dandamali ba har ya rasu.

Na tsufa ina adana takardun hukuma, ban taɓa cin karo da sunansa ba, shaidu kuma sun ƙare. Duk da haka ina roƙon a binciki lamarin, a rubuta Malam Sule Tela, in akwai sauran mai sauraro.