Minti Goma a Ƙaura

Ƙarfe sha ɗaya aka kira sunan Saudat, ta miƙe ranta a ɓace tun kafin ta kai ƙofa. Shekara shida tana sauraron matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu zuwa Zurmi, ita kaɗai a ɗan ɗakinta na asibiti, amma wai duk shekara sai ta ratso wannan muguwar hanya zuwa Ƙaura an gwada ko ta iya aikin. Mai gwajin kuma, Dakta Mubashir da ƙungiyar da ke ba su izinin aiki ta turo daga Abuja, ko ƙarar bindiga bai taɓa ji ba sai a waya.

Tsarin ba ya canzawa. Kwana uku ana horo, ranar ƙarshe a ɗauko 'yar wasan kwaikwayo ta zauna a matsayin mai ciwon damuwa, a ba ka minti goma. Ba a taɓa ta, ba a yi mata alkawari, ƙararrawa na kaɗawa ka miƙa mata takardar zuwa asibiti ka sallame ta. Bara Saudat ta faɗi, laifinta kawai ta riƙe hannun 'yar wasan har ta wuce lokaci. An gaya mata ƙiri-ƙiri, in ta sake faɗuwa bana za a karɓe takardar izininta, ɗakin Zurmi kuma a garƙame shi. Matan su je ina? Oho, wannan ba ya cikin darasi.

Tun safe ake jiran 'yar wasan, sai yanzu mai gadi ya rako ta, aka zaunar da ita ko gaisuwa babu saboda an makara. Saudat ce ta farko cikin waɗanda za a gwada.

Ta dube ta, ta yi tsaki a zuci. Lallai bana an samo gwana. Hijabi ya sha ƙasa, ƙafa ba takalmi duk faso, leɓe a bushe. Wahalar mutane ta zama kayan wasa ke nan.

"Ke ce mai maganin zuciya?" in ji matar.

Saudat ta ce ita ce, ta zubo gabatarwar da aka koya masu kamar hadda. Matar ta ce sunanta Yalwa, daga wajen Katuru. Ta ce wata uku ke nan da aka tafi da ɗiyarta Rashida daji, kwanan baya aka aiko masu cewa ta rasu. Tun daga ranar take jin yarinyar na kiranta daga cikin rijiyar bayan gida. Jiya ta ɗage murfin rijiyar, ta daɗe tsaye a baki.

Takardar labarin wasan da aka raba masu ta ce mace ce mai rashin barci, babu zancen rijiya. Saudat ta gane tarko aka ɗana mata, sai ta ƙara jin haushi. Ta jero tambayoyin bi da bi, yadda littafi ya ce, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Dakta na gefe yana gyaɗa kai yana rubutu.

Matar ba ta kalli Dakta ba ko sau ɗaya. Can ta miƙo hannu saman tebur. Hannun Saudat ya motsa da kansa, ta hango biron Dakta ya tsaya, ta janye hannun ta danne a cinya. Ta tuna matan Zurmi, ta daure.

Ƙararrawa ta kaɗa.

"Ɗiyata, kak ki bar ni in koma ni ɗai," in ji matar.

"Inna, lokacinmu ya ƙare. Ga takarda, ki kai asibitin da ya fi kusa da ke."

Matar ta karɓa, ta juya takardar gaba da baya, ta ƙulle ta a bakin zane. Ta fice ta bi hanyar tashar Shinkafi.

Dakta har da tafi. Ya ce abin da ake kira ƙwarewa ke nan, ya ba ta cikakken maki, ya ce izininta ya sabunta. Saudat ta ji kamar ta kwaɗa masa fayil a fuska. Ta ce masa wannan ba aiki ba ne, wulaƙanci ne, albarkacin wasa ne kawai ta yi shi. Ya yi dariya ya ce a huta a ci abinci, a kira 'yar wasan ta dawo kafin mutum na biyu. Aka duba harabar ba a gan ta ba.

Ana cikin rabon shinkafa wata budurwa ta faɗo ɗakin tana haki, jaka a kafaɗa. Ta ce a yi haƙuri, sojoji suka tare hanyar Gusau tun safe, sunanta Surayya, ita ce 'yar wasan da aka ɗauko, ko za a iya farawa yanzu?