Kwamfutar da Ba Ta Ɗumi

"Ranki ya daɗe, ko takarda ba ta fi ta sirantaka ba!" in ji Folaranmi, yana ɗaga sabuwar kwamfutar mai tsada. Maigidansa ya rantse in bai sayar wa wannan makarantar ta Ibadan ba, a bakin aikinsa.

Shugabar makarantar, Iya Oyelakin, ko allon ba ta kalla ba. Ƙasan kwamfutar ta shafa da tafin hannu. Malamin lissafi ya karɓa ya kara a kumatunsa.

Iya ta ce, "Yaushe take fara ɗumi, ɗan nan?"

"Har abada ba ta yi! Ku wuni kuna aiki, tana nan kamar ruwan randa."

Malamin lissafi ya ja tsaki. "To wannan ai ta 'yan banki ce."

Iya ta ja Folaranmi zuwa ɗakin kwamfuta. Tsofaffin kwamfutoci na ta gurnani, zafi kamar gidan burodi. A kan kowacce an ɗora kwanon malami, amala da miyar ewedu na tururi. Ɗalibai na danna haruffa a hankali, kar miya ta zube.

"So kake malamaina su ci amala mai sanyi, su gudu su bar ni?"

Folaranmi ya tuna wasu kwamfutoci da kamfaninsu ya jibge a sito saboda suna ƙona cinyar mutane. Ya rage murya.

"Iya, akwai wata... har ƙwai take dafawa."

Iya ta tafa hannu. "Shi ne ka tsaya ɓata mana lokaci? Kawo arba'in!"