Agogon Ofishin Gwamna

"Miƙo biro, maza!" in ji gwamna.

Sakatariyarsa ta miƙa masa, ta ajiye takardar afuwa a gabansa. Sunan ƙanensa ne a jiki, wanda kotu ta ɗaure shekara ashirin. Yau ce ranar gwamnan ta ƙarshe a kan kujera. Da sha biyun rana sabon gwamna zai yi rantsuwa, ikon afuwa ya koma hannunsa.

Ya dubi agogon bango. Sha biyu saura kwata. Ya yi murmushi, har ya tsaya ya shanye shayinsa, sannan ya rattaba hannu.

"Buga hatimi, a sake shi yau."

Ta buga. Injin hatimin ya fito da lokaci ɓaro-ɓaro: sha biyu da minti ashirin.

"Wane irin shirme ne wannan?"

"Agogon bango ne ke baya. Ni na mayar da shi baya da safe."

Ya juyo gare ta. "Haba 'yar'uwa! Ki gyara lokacin nan, don Allah ki rufa min asiri."

"Ka tuna ranar da na durƙusa a kan kafet ɗin nan, ina roƙa wa mijina afuwa yana kwance ba lafiya a gidan yari? Ka tuna amsar da ka ba ni, kafin a kawo min gawarsa?"



Ta zare biron daga hannunsa, ta rataya jakarta, ta maimaita masa amsarsa ta ranar.

"Ka yi haƙuri, Malam. Ikona yana da iyaka."