Akawu da Kibod Mai Tsegumi

Tunda ka zo kana huci, ka rantse gobe sai ka sayi kibod mai ƙara don oganka ya san kana aiki, zauna tukuna, ka sha ruwa, in ba ka misalin wani akawu.

Akawun nan a wani kamfanin tireloli masu dakon hatsi yake aiki. Mutum ne mai zafin zuciya, irin wanda in ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya nemi sanin wanda ya aiko shi. Su biyu ne a ofis, shi da abokin aikinsa, kowa da kwamfutarsa da kibod na roba, wato wanda shimfiɗar roba guda ce a ƙarƙashin maɓallan, in ka danna ka ji taushi kamar ka taɓa ƙullu, babu amo. Tsakaninsu da oga bangon katako ne kawai. Ana nan sai babban akawu ya yi ritaya, aka ce cikin su biyun za a ba ɗaya kujerar. A makon ne oga ya leƙo ya ce, "Ofishin nan tsit kamar maƙabarta, anya ana aiki kuwa?" Wasa ya yi, amma akawu ya ɗauka da zafi. Ya wuni yana cika yana batsewa, yana zagin roba da wanda ya ƙirƙiro roba. Shi yana nan yatsu na kumbura, wannan banzan abu yana shanye masa gumi ko tari ba ya yi! Ana tashi ya zarce kasuwar kayan kwamfuta, ya doki tebur ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne ƙara. Mai shago ya ɗauko masa makanikal, wanda kowane maɓalli da nasa sifirin na ƙarfe mai dawo da shi sama. Ya ce yana da daɗin bugu, ga ƙarko, 'yan gem, masu wasa a kwamfuta, ma shi suke nema, amma in ofis za a kai akwai irinsa marar hayaniya. Akawu ya harare shi ya ce, "Malam, shawara na zo saya?"

Washegari ofis ya ɗauka, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ƙanƙara a rufin kwano. An ce tantabarun da ke cikin silin ranar suka yi ƙaura, mai shayin tsallaken titi kuma ya kwashe bencinansa don ya zaci ruwa ne ya sauko. Oga ya ce madalla. Akawu ya dubi abokin aikinsa sheƙeƙe. Abin da bai hango ba shi ne, abin da ke shelar kana aiki shi ne kuma ke shelar ka daina. A da in ya cika cikinsa da ɗanwake ya yi ɗan gyangyaɗi, daga shi sai Allah. Yanzu ƙarar na tsayawa sai oga ya ƙwanƙwasa katako: "Malam akawu, lafiya? Wuta aka ɗauke?" Ba damar hamma, ba damar sosa ƙeya. Bawan Allah har alwala a guje yake yi, yana dawowa yana tsaki.

Da abin ya ishe shi sai ya yi dabara. Dama shi mayen gem ɗin ƙwallo ne. Ya ce ai ƙara ƙara ce, ya kashe sautin kwamfuta, ya buɗe gem, ya hau dukan maɓallai, wai oga na can yana jin aiki na tafiya. To, ashe ogan nan a gidan makaɗan kalangu ya tashi kafin boko ya ɗauke shi. Kunnen da tun yana goye yake rarrabe taken wannan mahauci da na wancan, shi za a ruɗa ta bayan katako? Ranar da za a yanke maganar kujera ya kira akawu, ya ɗora yatsu a kan tebur, ya buga masa kiɗa iri biyu. Na farko mai tafiya yana tsayawa, dogon maɓalli yana raba kalmomi. "Wannan wasiƙa ce," in ji oga. Na biyu kuwa wuri guda ake ta duka, hagu, dama, hagu, sannan a hau maɓalli ɗaya kamar an kama ɓarawo a kasuwa. "Wannan kuma ban san da wa kake bugawa ba, amma tun safe yake cin ka."

Aka ba abokin aikin kujera. Kada ka ɗauka wani waliyyi ne. Shi ma gem ɗin yake yi, har ya fi akawu iyawa, sai dai shi a kan roba yake yi, ita kuwa roba ba ta da baki. Akawu ya fizge kibod ɗinsa, ya fita tsakiyar gareji, ya ɗaga shi sama a gaban direbobi yana kiran sa algungumi, maci amana, ɗan tsegumi, ya maka shi da ƙasa. Maɓallai suka watse kamar masara, har kaji suka biyo da gudu.

Ni dai har yau ban ga laifin kibod ɗin ba. An saye shi don ya yi magana, ya kuma yi. In yatsunka ne ke son makanikal, saya, zai yi maka daɗi, zai daɗe. In kuwa don kunnen oga za ka saya, to kunnen ba ya zaɓen abin da zai ji. Hausawa sun riga sun gama magana: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.