Bututu Lamba Shida

"Lamba bakwai za a sa," in ji sabuwar likita.

"Shida, 'yata. Kuma ta ƙofar hanci ta hagu."

"Yallaɓai, dubi tsawonta fa. Shida gajere ne, zai zame ana tsakiyar aiki."

"Shida," in ji tsohon mai sa barci, wanda ma'aikata ke kira Baban Tiyata. Shekararsa ashirin a ɗakin tiyata. Ita kuwa sabuwar likita satinta ɗaya, har yanzu sai an nuna mata inda ake ajiye safar hannu.

Matar da suke gardama a kanta tana kwance, muƙamuƙi a karye wuri biyu. Katinta ya ce santsi ya kwashe ta a banɗaki. Tunda a baki za a yi aikin, dole bututun numfashi ya bi ta hanci. In ya yi girma ya yaga hanya, jini ya gangara huhu. In ya yi ƙanƙanta, iska ba ta isa ba.

Da Baban Tiyata ya sunkuya kanta da allura, na'urar bugun zuciya ta hau kuka da sauri. "Tsoron allura," ya ce, yana gyara filastar da ke bayan yatsunsa. Nas biyun da ke wurin suka duƙufa kan faranti, suna ta jera almakashin da aka riga aka jera.

Matar ta yi barci.

"Sunana ne a takarda, ni zan sa," in ji likita. A ranta har tana kwaikwayonsa: shiiida, 'yaaata. Ta shafa wa lamba bakwai mai, ta tura ta dama. Ya shiga kaɗan ya cije. Ta ƙara ƙarfi. Wani abu ya ce ƙas, jini ya ɓalle.

Lambar iskar jikinta a na'ura ta sauka casa'in. Tamanin da biyu. Injin zuƙe jini yana ta gurnani, maƙogwaro na sake cika. Leɓen matar ya soma yin toka-toka.

"Baba, don Allah!"

Ya matso. Ya karɓi kan, ya ɗauki shida, ya bi ta hagu, ya ɗan murɗa shi kamar mai buɗe kwaɗon ƙofar gidansa. Bututu ya wuce sumul. Ƙirji ya ɗaga, lamba ta hau.

Bayan awa uku aka tura matar waje da ranta. Likita ta same shi a bakin famfo.

"Na gode, Baba. Amma ko hoton fuskarta ba ka duba ba. Ya aka yi ka san ƙofar dama a toshe take?"

Ya ci gaba da murza sabulu a hankali, yana kauce wa filastar.

"Karayar hancin ai tun bara ce, ta muƙamuƙin ce sabuwa. Shekara tara da aurenmu, ta fi kowa sanin ba na son a tashe ni ina barci."