Mahaƙin Rijiya da Mutanen Bakin Rami

Tunda yanzu an ba ka mutane a ƙarƙashinka, har kana jin daɗin cewa ba mai musa maka, bari in ba ka misalin wani mahaƙin rijiya. Gwani ne, wannan kam ba a ƙwace masa ba, in ya dubi ƙasa ya ce a sara nan, to ruwa na nan. Sai dai Allah ya zuba masa kaifin harshe. A sana'arsu kuwa, wanda ke cikin rami ba ya ganin abin da ke faruwa a sama. Na bakin rijiya su ne idonsa, su ke jan guga, su ke duban bango, in suka ga ƙasa ta fara tsagewa su yi ihu a fito da shi. Wata rana ɗaya daga cikin mutanensa, magidanci mai iyali, ya hango wani layi a jikin bango, ya kurma ihu, aka janyo na ciki a gurguje. Da aka duba, ashe saiwar bishiya ce. Maimakon maigidan ya ce madalla, gara haka, sai ya tsaya a gaban matan da suka kawo musu abinci ya wanke shi tas, ya laƙaba masa suna Sarkin Tsoro, har mutanen gari suka ɗauka. Daga mutumin har sauran, kowa ya ɗauki darasinsa. Daga ranar, ko me maigida ya tambaya amsa ɗaya ce. Igiya fa? Lafiya lau. Bango fa? Lafiya lau. Shi kuwa gogan har bugun ƙirji yake yi a kasuwa, wai ya gyara mutanensa, yanzu aiki suke yi babu surutu.

Al'adarsa ce in haƙa ta kai ga yashi mai damshi, inda ake sa ran idon ruwa, ba ya barin kowa ya sara sai shi, don a ce hannunsa ne ya fito da ruwan. To, a wata rijiya mai zurfi da suke yi wa wani ƙauye, ranar ta zo, ya ɗaura igiya a ƙugu suka zura shi. Yana cikin sara sai ya ji ƙasa ta zubo masa a wuya. Ya kakkaɓe, ya ci gaba. Ta sake zubowa, wannan karon har da tsakuwa. Ya ɗaga kai, ba ya ganin komai sai kawunansu baƙi-baƙi a jikin hasken sama, babu fuskar da zai karanta. Ya ɗaga murya ya ce, "Kai, yaya bangon nan ta wajenku?" Sai amsa ta gangaro masa: "Lafiya lau, maigida." Nan tsoro na gaske ya kama shi, don ya gane amsar ba ta gaya masa komai ba. In bangon lafiya yake, haka za su ce. In kuma shirin rufta masa yake yi, haka dai za su ce. Ya sassauta murya, irin wadda ba su taɓa ji a bakinsa ba, ya ce don girman Allah duk wanda ya ga wani abu ya faɗa, ba zai yi faɗa ba. A sama kuwa aka shiga kallon-kallo, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara, domin ba wanda ya san ko wannan laushin zai fito tare da shi daga rami. Abu ɗaya ya rage masa, ya ce a janye shi. Amma da wane baki? Shi da ya mayar da mai tsoro abin dariya, a ce yau an fito da shi babu ruwa, don ƙasa ta taɓa masa wuya? Ya tsaya riƙe da diga, ya kasa sara, ya kasa kira. Yana cikin wannan wasiwasi bangon ya zabtaro.

Da yake kwanansa na gaba, ƙasar ta tsaya masa iya ƙirji. Mutanen nan nasa suka riƙa shiga bi da bi suna yashe ta da hannu, har suka fito da shi da rai, amma ƙugunsa ya karye, kuma bai ƙara shiga rami ba. Yana kwance yana jinya ya ji abin da ya fi karayar ciwo: tun da safe kowannensu ya ga tsagar, ba wanda bai gan ta ba, kowa ya ce a ransa, in na faɗa ta zamo ba komai ba fa? Ya aika aka kira masa babbansu, ya dube shi da hawaye ya ce, "Ai na tambaye ku. Har roƙonku na yi." Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka roƙa, maigida. Wallahi bakin ne ya ƙi buɗuwa, ya daɗe a rufe."

To ka ji. Ranar da za ka buƙaci gaskiya daga bakin mutanenka tana nan tafe, kuma ran nan kai ne a ƙasa, su suna sama. In ba ka saba musu da faɗinta tun ana zaman lafiya ba, har da wadda za ta zamo kuskure, kada ka sa ran roƙon lokaci guda zai fito da ita. Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.